Ranar da Man Shanu Ya Tsere wa Malam Maharazu

Shekara biyu ke nan, amma har yau idan rana ta take a Deira ta Dubai, motar Fahad warin man shanu take yi. An wanke ta da sabulu, an wanke ta da tururi, an ƙona mata turaren wuta kamar amarya, duk a banza. Kowa a unguwar Naif ya san dalili. Dalilin kuwa shi ne Malam Maharazu.

Malam Maharazu mai ɗaurin kaya ne a kasuwar Murshid Bazaar. Gajere ne kakkaura, kullum da salatif a wuyan hannu kamar awarwaro. Shekara goma sha shida yana naɗe atamfa da takalma da kwalaben turare zuwa Kano, ba a taɓa dawo masa da ƙorafin kwalinsa ya fashe ba. Yana da hannu, yana da amana, yana kuma da zuciya a kusa. Idan ka ce masa ya ƙara igiya, zai cire maka wadda ya sa ya ce ka ɗaure da kanka.

Abin ya faru a watan Yuli. Matarsa Turai ta dawo daga Kano da saƙo: roba guda, cike fal da ɗanyen man shanu. Mahaifiyar Ɗalhatu ce ta bayar. Ɗalhatu aminin Maharazu ne tun suna Fagge, yanzu yana aikin ɗakin magani a Kalba, can bakin tekun gabas, kuma matarsa Khairunnisa ta haihu. Tsohuwa ta ce a kai wa mai jego, hannu da hannu, kada a ba kowa sai Maharazu.

Turai ta ce, “Malam, bari in soya shi. Soyayye ya fi jure hanya.”

“Ki soya me? Amana ce. Yadda aka ba ni haka zan kai.”

“To a sa shi a kula da ƙanƙara.”

Ya dube ta kamar ta zage shi. “Kula ta wanda bai iya ɗauri ba ce.”

Ya fito da robar daga firji, ta daskare kamar dutse. Leda uku, salatif zagaye ashirin, kwali mai kauri, igiya gicciye. Ya rubuta KALBA da baƙin alƙalamin maka a ɓangare huɗu, ya ja baya yana kallon aikinsa.

Fahad mai sayar da waya a Naif shi ke da mota, shi ya tsara tafiyar. Kasuwa ta mutu saboda zafi, ya ce su zagaya ƙananan garuruwan bakin teku su gaida ’yan uwa, su ƙare a Kalba. Rigimar farko tun a bakin gida aka yi ta.

“Yaya Maharazu, wannan but zai shiga.”

“Wane but? A ƙafata zai zauna, inda esi ke busawa.”

“Habibi, kujerun nan sababbi ne. Man shanu a cikin motata? Wallahi a’a.”

Maharazu ya yi tsaki mai tsawo, ya ɗora kwalin a but, ya tokare shi da tayar safaya. Bai damu sosai ba. Ya yarda da hannunsa.

Sun isa Ummul Kuwain da hantsi. Gari ne mai shiru, jiragen kamun kifi a jere, iska mai gishiri tana manne wa mutum a fata. Abdulganiyyu, wanda ke gadin wani ɗakin sanyi na kifi, ya tarbe su kamar sun sauko daga jirgin Kano. A nan Maharazu ya tsaya a bayan mota, hannunsa a kan murfin but, yana lissafi da zuciyarsa. Tsarabar da ya kawo wa Abdulganiyyu ƙullin kuka ce da daddawa, ba ta cika tafin hannu biyu ba. Idan ya shiga da wannan ƙaton kwali, mai gida zai miƙe ya karɓa yana godiya, yana sa albarka. Sai ya ce masa me? “A’a, ba naka ba ne, ajiya ce, naka ga shi a aljihu”? Sannan ya fito da shi a ka a gaban mutumin? Gara ƙasa ta tsage.

Ya bar kwalin a mota.

“Minti goma,” ya ce wa Fahad. “Gaisuwa kawai.”

Babu gaisuwar minti goma tsakanin Bahaushe da Bahaushen da ya yi wata takwas bai ga na gida ba. Aka kawo shayi. Aka gasa kifi. Abdulganiyyu ya rantse ba za su tashi ba sai sun ga inda yake aiki, ya shigar da su ɗakin da ƙanƙara ke jibge har rufi. Maharazu ya tsaya a tsakiyar sanyin nan, haƙoransa na kaɗawa, zuciyarsa na tafasa, yana tuna robarsa a rana. Ko ƙanƙara guda bai roƙa ba. Da ya roƙa, sai an tambaye shi ta mece ce.

Da suka hau hanya ya fashe. “Awa biyu! Kai kuma ka zauna kana tsotsar ƙayar kifi kamar ba ka taɓa gani ba!”

“Shwayya shwayya, Yaya, bi a hankali. Yawo muka fito.”

“Kai ka fito yawo. Ni saƙo na fito kaiwa!”

A Dibba haka aka sake. Bashar, ma’aikacin jinya, ya dafa shinkafa da wake tun safe yana jiran su. Kwali ya sake zama a but, a ƙarƙashin ranar da ta sa ko kuliyoyin garin sun ɓuya. Maharazu ya ci abincin kamar yana faɗa da shi. Bashar ya tambaya ko yaji ne ya yi yawa. Ya ce yaji lafiya lau, duniya ce ba lafiya ba.

Daga nan hanya ta bi tsakanin duwatsu da teku, kwana bayan kwana. Fahad sai tsayawa yake yana ɗaukar hoto: ga ruwa shuɗi, ga wani tsohon masallacin laka, ga akuya a kan dutse.

“Akuya! Daga Kano ka zo Dubai ka ɗauki hoton akuya?”

A Khorfakkan, bayan la’asar, Fahad ya tsaya a bakin teku ya shaƙi iska, sai ya yamutsa fuska. “Yaya, ka ji wani wari?”

Maharazu ya ji tun kafin su shigo gari. Addu’a kawai yake ta yi a ransa.

Suka buɗe but. Kwalin yana nan zaune, igiyarsa gicciye, ko kusurwa ɗaya ba ta lotsa ba. Amma ƙasansa ya yi baƙi, kuma duk shimfiɗar but ɗin tana ƙyalli. Man ya narke, ya kumbura ya ɗaga murfin, ya jiƙa salatif har gam ɗin ya saki, ya bi kowace kwana da suka sha yana tsiyaya. Tayar safaya tana iyo. Dardumar sallar Fahad ta sha ta ƙoshi.

Masu yawo a bakin tekun nan sun ji Hausa ranar. Maharazu ya yi wa rana faɗa. Ya yi wa kamfanin salatif faɗa. Ya yi wa Abdulganiyyu da kifinsa, da Bashar da wakensa, da akuyar kan dutse. Fahad kuwa ya dafe kai yana cewa, “Motata! Khalas, shi ke nan, ta mutu!”

“Motarka? Tsohuwa ta tara man nan a Kano, ta ce kada a ba kowa sai ni, kana maganar mota?”

A nan muryarsa ta ɗan karye, sai Fahad ya sassauta. Ya ce a hankali, “Mu sayi wani a kanti mana. Akwai na Indiya a gwangwani. Mu juye a robar, wa zai sani?”

Maharazu ya juyo. “Ni zan sani.”

Haka suka shiga Kalba, tagogi a buɗe, ƙudaje na rakiya. Maharazu ya ɗauki kwalin a hannu yana ɗiga, ya ajiye a gaban Ɗalhatu, ya yanke igiyar da kansa. Abin da ya rage a gindin robar bai fi ludayi biyu ba. Bai bari an gama barka ba ya ce a kira masa Hajiya, mahaifiyar Ɗalhatu, a waya, a buɗe hoto, ya gaya mata da bakinsa.

Tsohuwa ta kawo fuska kusa da waya ta saurara har ya gama, ba ta katse shi ba. Sannan ta ce, “Maharazu, ɗanye ka ɗauka a wannan zafin? Ita Turai ba ta ce a soya ba?”

Daga bayan labule aka ji Khairunnisa tana danne dariya.

“Ta ce, Hajiya.”

“To. A soya ragowar a zuba wa yarinyar nan a tuwo. Ya dai iso, kuma kai ka kawo. Allah ya yi maka albarka, ya rage maka taurin kai.”

Ya ce amin a kan duka biyun, amma na biyun ciki-ciki.

Labari ya riga su dawowa Deira, domin Fahad ya ɗauki hoton but ɗin ma. Maharazu yana nan a Murshid Bazaar, yana ɗauri yana faɗa, kuma ’yan kasuwa ba su fasa layi a wurinsa ba. Sai dai ba a yin mako ba tare da wani ya tsaya a kansa ya ce, “Malam, ina da man shanu zuwa Kalba, nawa za ka ɗaure min?”

Ba ya ɗago kai. Sai ya ja igiya, ya ƙulle, ya ciji salatif ya tofar, sannan ya ce, “Je ka tambayi Ɗalhatu. Kwalina ya isa da igiyarsa, da wuƙa aka yanke ta. Man ne ba shi da haƙuri. Yalla, matsa min, ka tare min iska.”