Geron Iya Tabawa

Ni ban yi nisa a lakwal ba, aji uku na tsaya, amma abin da na ji da kunnena ba ya ɓace mini. Muna yara a Matameye, in sanyi ya shigo, kakarmu Iya Tabawa takan hura wutar kara a tsakar gida bayan isha'i, ta zube mana gyaɗa a faifai. Wanda bai ɓara ba, ba ya jin tatsuniya.

Akwai wadda take yawan maimaitawa, ta wani manomi da ya samu irin gero mai saurin nuna. Ya kewaye gonarsa da ƙaya, ko zangarniya ɗaya bai yarda ta fita ba. Shekarar da aka yi fari, shi kaɗai ya cika rumbu. Sai gobara ta cinye rumbun. Ya bi gari gida-gida yana neman irinsa, babu mai ko ƙwaya, don bai taɓa ba kowa ba. Nan Iya takan dube mu ta ce, "To 'yan nema, ku faɗa mini, wuta ce ta cuce shi ko ƙaya?" Mu dai dariya muke, muna satar gyaɗa.

Da ta rasu, ni na gaji tulun irinta, gero gajere mai riga na kowa nuna. Bara malamin gona ya zo da salula, wato wayar hannu, ya ce manoma na haɗa abin da suka sani wuri ɗaya a cikinta: wa ke da wane iri, ina ruwa ya sauka, yaushe ya ɗauke. Ya ce abin ba shi da mai shi, kowa ya zuba, kowa ya ɗiba. Na ce masa ba mu da komai, alhali tulun yana ƙarƙashin gadona.

Bana maigidana ya yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, yadda aka saba. Muka juye tulun kaf. Aka yi yayyafi, tsiro ya leƙo, sai sama ta ɗauke. Duk ya ƙone. Na tsaya a gonar da goyo a baya, babbar 'yata riƙe da zanena, na rasa abin da za su ci har baɗi.

Da kunyata na koma wurin malamin. Ya duba salular, ya ce akwai gero mai sauri a Icirnawa da Dungu, har Kurni, kuma duk suna kiransa ɗan Tabawa. Na ce ya sake karantawa. Ya sake. Sai da na zauna a ƙasa.

Wani dattijo a Icirnawa ya auna mini tiya biyu, ya ƙi karɓar komai. Ya ce, "'Yata, ranar kasuwa kakarki ta ƙulle wa babana shi a bakin riga. Ko sunansa ba ta tambaya ba."

Ashe tsohuwar nan rabawa take tun ba a haife ni ba, ni kuma na kwanta a kan tulun ina cewa amana nake riƙewa.

Mun sake shuka a makare, ban sani ba ko damina za ta jira mu. Jiya na je na ce wa malamin ya sa sunana cikin masu iri. Ya ce ai ko zangarniya geron bai fitar ba tukuna. Na ce, "Malam, ka rubuta dai."