Kunkurun da Kaka ta jira

Shekaranjiya ruwan fari ya sauka a Madawa. Ina zaune a buro, wurin aikina, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, sai kunkurun gidanmu ya faɗo mini a rai. Zan ba da labarinsa yadda na riƙe shi, amma a yi mini uzuri. Ina yaro lokacin, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan ji na yi ban gani ba.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, can wajen Allakaye. Kakana, wanda kowa ke ce wa Tsoho, ya karɓi kunkurun a hannun wasu makiyaya da suka gangaro daga arewa. An ce damin hatsi ya ba su. Irin manyan nan ne na daji, wanda yaro kan hau bayansa ya tafi da shi. Tsoho mutum ne mai tsoron hukuma, saboda haka ya taka har Buza wurin ma'aikatan gandun daji, ya karɓo takardar izinin ajiye shi a gida.

Kunkurun ya haƙa raminsa a bayan rumbu. Da zafi ya matso sai ya shige, ba a ƙara ganinsa sai ƙasa ta jiƙa. Dokar Tsoho guda ce: ba a tono shi, domin ramin yana iya ruftawa a kansa.

Bayan rasuwar Tsoho gida ya yi ta raguwa. Mahaifina ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan, ƙannensa suka nufi Libiya, matan suka koma gidajen iyayensu. Aka bar ni wurin Kaka ina zuwa lakwal, wato makarantar boko. Da damina kunkurun yakan zo bakin ɗakinta da hantsi, ta miƙa masa ɓawon guna, ya karɓa a hannunta. Takan dube ni ta ce, "Mai gidana, ka ga wanga? Shi ɗai na bai tahi bida ba."

Wata bazara tari ya kama Kaka. Baffana da ke aiki a Madawa ya zo da mota zai kai ta likita, ta kuma zauna wurinsa gaba ɗaya. Ta tambaye shi kunkurun fa. Baffa ya ce ya riga ya bincika, takardar Tsoho ta ajiya ce a gidan nan, ba ta ɗauka a hanya ba, kuma in aka tsare su a shingen hukuma za a karɓe shi. Ya ce zai nemi wata takardar, amma kafin nan ta shiga mota.

"In tahi shina cikin rame? Ya hito ya iske kango?"

"Inna, dabba ta fa. In ta kama a tono shi, sai a tono."

"Ubanka bai tono shi ba, kai za ka tono shi? Tahi abinka. In ruwa sun zuba ya hito, mu yi bankwana, ka zo ka ɗauke ni."

Baffa ya yi magiya har la'asar, ya koma shi kaɗai.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Kullum da safe Kaka takan dafa bango ta isa bayan rumbu, ta aje ruwa a kasko a bakin ramin, ta zauna tana ba shi labarin wanda ya aiko da saƙo da wanda ya yi shiru. Kaji ne ke shanye ruwan. Ni kuma ina tsugune ina duban gabas ko hadari zai taso.

Kaka ta rasu kafin ruwan. Ba zan ce jiran ne ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma na daɗe ina juya abin a raina.

Ana cikin zaman makoki ruwa ya sauka. Washegari da hantsi kunkurun ya fito, bayansa duk laka. Ya ratsa tsakanin tabarmin masu gaisuwa, bai kula kowa ba, ya je bakin ɗakin Kaka ya miƙa wuya ya tsaya. Na kawo ɓawon guna na miƙa masa. Ya daɗe bai karɓa ba.

Yau na yi karatu, na san dalilin dokar hukuma da ta hana ɗaukarsa, kuma ban ga laifinta ba, domin irinsa sun kusa ƙarewa a dajinmu. Bara na je neman izinin dawo da shi wurina. Ma'aikacin gandun daji ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni, "A ina zai yi rami?" Ɗakin haya nake, tsakar gidan duk siminti ne. Na yi godiya na fito.

Yana can har yanzu, ko in ce haka nake fata. Wata maƙwabciya tana jefa masa harawa ta inda katanga ta faɗi.

Wanda ya san gidan, in na yi kuskure ya gyara mini. Wanda kuma ya bi ta can cikin kwanakin nan, don Allah ya leƙa bakin ɗakin Kaka da ke kusa da rumbu, ya gaya mini ko ya ga sawunsa.