Ranar da Kalla Ya Ɗaga Kofi

A Tamaske kowa ya san Kalla mai dahuwa. Shekara da shekaru yana dafa wa wani Bature injiniya abinci a Keita, kuma ko kwalbar giya ba ya taɓawa sai da tsumma. Tun ranar da ya kama aikin nan uwarsa Saude ta sa shi ya rantse giya ba za ta taɓa shiga bakinsa ba. Mu maƙwabtansa har tsiya muke yi masa, muna ce masa liman na Turawa.

A damanar 1994 Baturen ya tafi da shi hutu ƙasarsu, suka shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido. Jirgin ya tsaya wani tsibiri, aka kwashe fasinja zuwa gonar inabi ta wani tsoho mai yin giya, wai a ɗanɗana. Tsohon da kansa ya bi kowa ya miƙa masa kofi. Kalla ya karɓa, don a ƙasarmu ta Adar ba a mayar da hannun mai gida. Niyyarsa ya riƙe kawai.

Sai ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Duk wanda ya kurɓa sai ya kuskure baki ya tofar a bokiti, a gaban mai gida! Kai, wannan wane irin rashin kunya ne? Tsoho ya yi wahala, ya tari baƙi, a ce ba mai haɗiye abinsa ko mutum ɗaya? Tausayi ya kama Kalla. Ya ce a ransa, "Inna, ki yafe mini, ba na barin dattijon nan cikin wannan wulaƙanci." Ya rufe ido, ya ɗaga kofi.

Ji ya yi an riƙe masa hannu. Baturensa ne, yana tambayar ko lafiya. Da Kalla ya faɗi dalili, aka fassara wa tsohon, sai tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Ya kurɓi tasa, ya tofar a bokitin nan. Ashe haka suke ɗanɗanawa! Ya karɓe kofin, ya cika wa Kalla hannu da ɗanyen inabi.

Wallahi Kalla ya ce bai taɓa jin sanyi a ransa irin na ranar ba. Da ya fito waje sai ya zube ƙasa yana ta alhamdulillahi. Turawan da ke wucewa suna nuna shi, sun ɗauka duk ya fi su buguwa.