Damisar Maccido ta Biyu

A Karaye, duk dabbar da aka rasa sunanta, wurin Maccido ake kai ƙararta. Tsohon maharbi ne, ya haura saba'in, ya daɗe da rataye bindiga ya koma noman albasa. Mutum ne mai kaifin baki. In yaro ya ce ya ga kura, sai ya ce masa karen gidansu ne ya kwana da yunwa. Ba a ja da shi, domin shi ne ya kashe damisar ƙarshe da aka gani a yankin, shekara talatin da takwas da suka wuce.

An yi masa kiɗa a ranar, an ɗaga shi sama. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, da ya juya gawar damisar, nono ya gani yana zuba. Kwana uku yana bin kurmi shi kaɗai kafin ya sami raminta. 'Ya'ya biyu ne a ciki, tururuwa ta riga shi isa. Tun daga nan, in aka yi masa kirarin damisa, murmushin dole yake yi, abinci kuma ba ya shiga a ranar.

Bara ne Malam Lukman, wani malamin makaranta daga Aliero, ya kawo wa maharba kyamarori. Ana ɗaure su a jikin itace, duk abin da ya gifta sai su ɗauki hotonsa da kansu. Yawanci awaki suke ɗauka, da shanun makiyaya. Sau ɗaya ma suka ɗauki Sambo, shugaban maharba, ya tsuguna biyan buƙata, aka yi wata guda ana yi masa dariya. Hoton da ya gagari kowa kuwa, Lukman kan hau babur ya kawo wa Maccido a waya. Shi kuma ba ya kallon kai. Wutsiya yake dubawa, sannan zanen jiki.

Wata ranar Laraba da hantsi Lukman ya iso da wani hoto, Sambo da samari biyar suna biye da shi. Tumaki uku na Sambo sun ɓata a mako biyu, ransa a ɓace yake. Hoton rabin jiki ne kawai: cinya ɗaya, da doguwar wutsiya mai lanƙwasa a ƙarshe. Ɗigon jikin ba baƙaƙe ba ne cur, zobe-zobe ne, tsakiyarsu da haske. Nan take Maccido ya gane ta. Farin ciki ya fara zo masa, har ƙwalla ta taso. Da ya ɗaga kai ya ga bindigar Sambo, sai tsoro ya maye gurbinsa.

"Baba, mi kag gani?" in ji Sambo. "In damisa ta, yau ba mu kwana gida."

"Kyanwar daji ta," in ji Maccido. "Ƙiba kawai tay yi."

Lukman ya ƙara girman hoton da yatsu. "Baba, wagga wutsiya hwa ta yi tsawo."

"Malam, kai a takarda kas san damisa. Ni hannuna ya taɓa ta."

Magana ta ƙare a nan. Samari suka yi dariya suka watse, Lukman ya rubuta kyanwar daji ya hau babur ɗinsa.

Sai dai kurmin da aka ɗauki hoton, nan ne matan gari suke yin itace. Cikinsu har da Rahma, jikarsa 'yar shekara goma sha huɗu, wadda yake kira amaryarsa, ita kuma tana ce masa tsohon banza. In ya hana su zuwa, dole ya faɗi dalili. In ya faɗi dalili, damisa ta mutu. Sai ya sami wata dabara. Kullum bayan sallar asuba yakan riga mata shiga kurmin, da sanda da gwangwanin madara, yana bugawa yana tari da ƙarfi. Inda ya ga sawunta a ƙasa mai laushi, sai ya murje da ƙafa. Gari ya ɗauka Maccido ya fara ruɗewa. Ya ji ana faɗa, ya haɗiye. Albasarsa ta sha ƙishirwa, shi kuma ya rame, domin kowace safiya yana tsaye a bakin hanya yana ƙirga matan da suka dawo.

Haka ya yi wata biyu. Rannan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai iya fita ba sai da rana ta ɗaga. A ƙofar gida ya haɗu da Rahma ta dawo da damin itace.

"Tsoho, yau mun huta da gangarka," ta ce, ta wuce tana dariya.

Duk da haka ya lallaɓa ya tafi. A gangaren rafi ya ga sawun silifas ɗinta, ya san shi domin dunduniyar hagu a cinye take. A kan sawun, ba a ƙarƙashinsa ba, ga tafin damisa ya danne shi. Wanda ya taka daga baya shi ne a sama, wannan ko ɗan koyo ya sani. Ya bi layin yana ƙirgawa. Taku arba'in da ɗaya ta bi yarinyar, sannan ta ratse cikin ciyawa. Ya ɗaga ƙafa zai murje kamar kullum, ƙafar ta ƙi sauka.

Bai koma gida ba, gidan Sambo ya nufa. Ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Sambo, ƙarya niy yi muku. Damisa ta. Tun ranan nan na gane ta."

Sambo ya dube shi, ya shiga ɗaki ya fito da bindiga. Maccido ya roƙi a kira Lukman tukuna, ko akwai waɗanda za su zo su ɗauke ta da rai. Aka kira, Lukman ya ce a ba shi kwana biyu. Ba wanda ya yarda ya jira, kuma Maccido ba shi da bakin da zai ce a jira.

Bayan la'asar aka ji harbi biyu daga wajen rafi. Yana zaune a ƙofar gida suka iso da ita a kan amalanke, gari duka yana biye. Sambo ya durƙusa a gabansa, ya miƙo wuƙa.

"Baba, yaran ga ba wanda ya iya hiɗar damisa. In munka taɓa, ɓata ta za mu yi."

Maccido ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya ga gaskiya ne. Ya naɗe hannun riga, ya ce Rahma ta shiga gida, sannan ya karɓi wuƙar.