Wada Maɗori da 'Yan Ƙwallon Zahir

A unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, aka haifi Wada, a wani tsohon gida da ke can cikin lungun da ko tasi ba ta shiga sai ta naɗe madubi. Kakansa ne ya taso daga Bichi a ƙafa, ya yi shekara huɗu a hanya, ya sauke farali, daga nan bai koma ba. Mahaifin Wada kuwa maɗori ne. Duk wanda ya faɗo daga tsani ko ya gurɗe a unguwar, gidansu ake kawo shi, Bahaushe ne ko ɗan Yaman ko ɗan Burma. Tun Wada yana ɗan shekara goma yake riƙe wa tsohon ƙafar mutane, har hannunsa ya saba. In ya shafa gwiwa, yakan gane targaɗe ne ko karaya kafin mai ciwon ya gama ihu.

Amma bai ɗauki ɗori sana'a ba. Kafin ya girma asibitoci sun yawaita, mutane sun koma can. Sai ya kama tuƙi. Shekara talatin da biyu yana jan tasi, in lokacin Hajji ya zo kuma ya koma kan bas, yana kwasar alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa. 'Ya'yansa biyu mata duk sun yi aure. Da ya cika sittin ya ajiye makulli, ya zama ba shi da aiki sai masallaci da shan shayi a ƙofar gida.

Yana da ƙanwa a unguwar Zahir, Rahmatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Rakan. Yaron ya tafi Amurka karatu, ya dawo da takardar injiniya, ya kuma dawo da wata ƙwallo mai siffar gwanda wadda ba a buga ta da ƙafa. Larabci ya fi zama a bakin Rakan. "Ya khali" yake ce wa Wada kullum, wato kawu da Larabci, sai in yana neman wani abu ne yake lalubo Hausarsa. Shi ya sa ranar da ya zo ya tsuguna ya ce, "Kawu, ina wuni," Wada ya ajiye kofin shayi ya ce, "To, faɗi abin da ya kawo ka."

Ashe ƙungiya ya kafa. Ya tara samari sama da ashirin daga Zahir da Hindawiyya, suna wasan ƙwallon Amurka da wasu ƙungiyoyi na Jidda da Ɗa'if, gasa ce da matasan suka shirya tsakaninsu a watannin sanyi. Suna buƙatar wanda zai riƙa duba su in an ji ciwo.

Wada ya je ya ga atisaye sau ɗaya a wani filin ciyawar roba, ya dawo yana girgiza kai. Ya ce wa Rahmatu, "Wannan ba ƙwallo ba ce. Kokawa ce aka sa mata hular kwano."

Ita kuwa ta ce, "Yaya, na hana shi ya ƙi. In kana wurin, ko barci zan iya yi. Shi kaɗai gare ni."

Wannan magana ce ta kai shi bakin fili da jakar bandeji da kwandon ƙanƙara.

A hankali ya fahimci wasan daidai gwargwado. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ɗaya ne mai jefa ƙwallo, shi ne Rakan. Akwai masu cafewa, akwai mai runguma ya ruga da ita, duk wanda ya kai ta layin ƙarshe ya samo maki shida. Sauran kuma aikinsu tare mutane da ƙirji. Ta wajen tarewa 'yan Zahir ba su da matsala, don akwai mahauta biyu da wani mai ɗaukar kaya a kasuwa waɗanda in suka tsaya kamar an gina katanga. Gaba ce babu kowa.

Da ma mutum biyu suke taƙama da su. Majid, mai gudu da ƙwallo, da wani dogo mai cafewa. A wasan farko aka karya wa dogon yatsa biyu. A na biyu Majid ya juya da gudu, gwiwarsa ta yi ƙara, ya zube. Wada ya taɓa wurin sau ɗaya ya ce, "Jijiya ce. Wannan ba ta hannuna ba ce, a kai shi asibiti." Aka yi masa aiki, likita ya ce sai bayan wata tara.

Daga nan abin ya zama abin tausayi. Rakan zai ja da baya da ƙwallo a hannu, ya duba dama ya duba hagu, babu wanda ya kuɓuce. In ya jefa, ta bugi ƙirjin mutum ta faɗi. Wasa biyar suka yi, aka cinye su biyar, uku daga ciki ko maki ɗaya ba su samu ba. Sai Rakan ya fara abin da ya tayar wa Wada hankali: in bai ga wanda zai jefa wa ba, sai ya rungume ƙwallon ya kutsa da kansa cikin ƙarti.

Wada ya same shi bayan atisaye ya ce, "Kai ɗin guda nawa ne? Kai ne mai jifa, kai ne mai gudu?"

"To wa zan ba, ya khali? Ka ga wani?"

"Na ga wani. Nuru, ɗan maƙwabcinmu."

Nuru magidanci ne mai mata da 'ya ɗaya, aikinsa tura keken tsofaffi da marasa ƙarfi tsakanin Safa da Marwa. A rana yakan kai mutum shida ko bakwai. Wada ya sha ganinsa yana ratsa cunkoson Ramadan da tsohuwa a keke, ya kauce nan ya kauce can, ko gefen haramin wani bai taɓa ba.

Rakan ya yi dariya ya ce, "Ya khali, wasan nan ilimi ne, ba gudu kawai ba. Ko dokokin bai sani ba."

Wada ya ɗauki jakarsa ya tafi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Wasa na shida a Jidda aka yi shi, ranar Asabar da hantsi. Ana dab da hutun rabin lokaci Rakan ya sake rungume ƙwallo ya sunkuyar da kai. Mutum biyu suka same shi lokaci guda, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta sama. Ya tashi sama ya dawo ta kafaɗa da kai. Kowa ya miƙe, shi bai miƙe ba.

Wada bai san lokacin da ya tsallaka filin ba, shi da gwiwarsa ke ƙara in zai yi ruku'u. Ya tarar samarin sun yi masa rumfa, wani ya kama hannunsa zai ɗaga shi, wani yana ƙoƙarin cire masa hular.

"Kar wanda ya taɓa shi!" Ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Larabci. Ya durƙusa ta wajen kan yaron, ya sa tafin hannunsa biyu ya riƙe hular ta gefe da gefe. Abin da mahaifinsa ya sha gaya masa ne ya faɗo masa: wuya da gadon baya ba na maɗori ba ne, in mutum ya faɗi ta kai a riƙe shi yadda Allah ya ajiye shi.

Rakan ya buɗe ido, yana kallon sama kamar bai san inda yake ba. Ya yi yunƙurin tashi.

"Kwanta, ɗana. Kar ka juya wuya. Kana jin ƙafarka?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Minti ashirin da biyar motar asibiti ta yi kafin ta iso. Duk tsawon lokacin nan Wada bai saki kan ba. Hannayensa suka yi sanyi, bayansa ya ƙage, gumi yana shiga masa ido ba halin sharewa. Bakinsa kawai ke motsi da addu'a. Da ma'aikatan suka zo suka sa wa Rakan abin riƙe wuya suka ɗora shi a kan allo, sai da aka ɓamɓare yatsun Wada ɗaya bayan ɗaya.

A asibiti aka shiga da shi ɗaukar hoto. Wada ya zauna a kujerar ƙarfe a bakin ƙofa. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, Rahmatu ce. Ya bari ta katse. Ta sake kira, ta sake, har sau huɗu. Me zai ce mata? Aka kira Azahar, ya je ya yi salla, bai san surar da ya karanta ba.

Wajen ƙarfe biyu likita ta fito, wata mace mai gilashi. Ta tambayi waye nasa. Wada ya miƙe.

Ta ce, "Wuyan lafiya lau, gadon bayan ma haka. Ƙashin kafaɗa ne ya karye, kansa kuma ya bugu, za mu riƙe shi kwana biyu. Yana motsa yatsun ƙafarsa duka. Wa ya riƙe masa kai a fili?"

Wada ya ce shi ne. Ta ce ya kyauta. Bai ji sauran abin da ta faɗa ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa, ya fuskanci alƙibla ya kai goshinsa ƙasa a nan kan tayil, mutane suna ratsa shi. Da ya ɗago sai ya ji wata irin yunwa, ya tuna ko karin kumallo bai yi ba.

Sannan ya kira Rahmatu.

"Yaya, me ya faru? Kar ka ɓoye min."

"Kafaɗa ce ta karye. Kafaɗa kawai. Wallahi da ƙafarsa zai shigo miki gida."

Ta fashe da kuka, tana yi tana hamdala, tana kuma yi masa faɗan ƙin ɗaukar waya. Ya bar ta ta yi son ranta. Daɗin faɗan ma yake ji.

Bayan mako guda Rakan ya zo Hindawiyya da hannu a rataye. Likita ta hana shi wasa sai baɗi, in ma zai koma. Saura wasa biyu a gasar, samarin suna cewa a janye kawai. Ya zauna kusa da Wada ya ce, "Kawu, wanne ne gidan su Nuru?"

Nuru ya saurare su a tsaye a ƙofar gida, 'yarsa a kafaɗa. Ya ce, "Baba Wada, da ƙafafun nan nake ciyar da iyalina. In aka karya ni fa?"

Wada ya ce, "Gaskiyarka. Ga sharaɗina, kuma a gaban Rakan nake faɗa. In ka ga mutum ɗaya, kauce masa. In ka ga biyu, fita daga layi. In ka ga uku, kwanta da kanka. Ranar da ka sa kai, ni zan fitar da kai."

Rakan ya dubi hannunsa da ke rataye, ya gyaɗa kai.

Kwana goma suka yi suna koya masa. Ba su cika masa kai da dokoki ba. Wanda ya maye gurbin Rakan bai iya jifa ba, don haka dabara ɗaya ce: a miƙa wa Nuru, mahauta su buɗe masa hanya. A wasansa na farko ya ruɗe, sau biyu yana sakin ƙwallo, aka cinye su kamar yadda aka saba. Amma ya fito ko ƙwarzane babu.

Wasan ƙarshe a Ɗa'if ne, da sanyin dutse mai shiga ƙashi. Ana cikin zagaye na biyu aka miƙa wa Nuru ƙwallo. Ya nufi dama, mutum ya taso masa, ya ɗan karkata kafaɗa ya wuce shi. Na biyu ya kawo hannu ya damƙi iska. Daga nan sai fili. Wada ya ga Majid, wanda ya biyo su da sandunansa, yana tsalle da ƙafa ɗaya, Rakan kuma yana ihu da Larabci har muryarsa ta dushe. Kafin a tashi Nuru ya ƙara kai ta layi sau ɗaya. Sau uku kuma ya fita daga fili da kansa da ya ga an yi masa taron dangi, 'yan Ɗa'if suna yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Duk da haka an cinye su, da tazarar maki bakwai. Gasa ta ƙare, 'yan Zahir ne na ƙarshe.

Wada ya tsaya a ƙofar bas yana kallonsu suna hawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙafarsa, jakar bandejin ko buɗe ta bai yi ba. Kafin su fara gangarowa daga dutse barci ya ɗauke shi, bai farka ba sai a Zahir.

Rahmatu ta tare su da shinkafa da nama. Ta ce, "To, wa ya ci?"

"Su suka ci."

"To murmushin me kake yi, Yaya?"

Ya ce, "Zuba min abinci tukuna."

Rakan bai koma cikin fili ba. Da kafaɗar ta warke sai ya zama mai horarwa, yana yawo makarantu da kasuwanni yana neman masu gudu da masu cafewa, don kada nauyi ya sake taruwa a kan mutum ɗaya. Majid ya dawo, shi da Nuru suna karɓa-karɓa. Wada kuwa yana nan bakin fili duk Asabar ɗin sanyi, a kan kujerar roba. Yanzu ya san dokokin fiye da yadda yake nunawa, har yakan miƙe ya yi wa alƙalin wasa gardama da Hausa, shi kuwa alƙalin, mutumin Jidda, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Na'am, ya ammi," wato "To, baffa," ya ci gaba da abin da yake yi.