Numfashin Ladanin Zinyau

A duk ƙasar Rano ba a taɓa yin mai dogon numfashi kamar Malam Ramalan ba. Shi ne ya faɗa, kuma da yake shi ne ladanin masallacin unguwarsu a Zinyau, ba wanda ya ga amfanin yi masa musu.

Shekara goma sha tara ya yi a wani kamfanin sinadarai a Sharaɗa, cikin Kano. Aikinsa naɗe bututun tururi da wata farar auduga da wuta ba ta ci. Idan ta tsufa sai ya kankare ta da wuƙa, ƙurarta ta tashi ta zauna masa a gemu, ya naɗa sabuwa. Sau ɗaya aka taɓa raba musu takunkumi, ranar da wasu baƙi suka zo zagaye; da suka tafi aka karɓe. Abin da ba ya yankewa shi ne madara: kowa gwangwani ɗaya da yamma, wai tana wanke ƙura. Abokan aikinsa sukan kai wa 'ya'yansu. Ramalan yakan shanye tasa a bakin ƙofa, yana yi musu wa'azi a kan wasa da lafiya.

Kamfanin ya rufe a shekarar 2003. Ya dawo gida aka ba shi ladanci, ya riƙe shi fiye da yadda ya riƙe gonarsa. Masallacin ba lantarki, sai ƙarfin ƙirji. Ya yi shekara bakwai lafiya lau. Daga nan ya fara hutawa a tsakiyar kiran salla, har masu alwala su ɗaga kai suna jira. Liman ya soma ambaton Manu mai shayi, wai muryarsa ba laifi.

Matarsa Lubabatu ta gwada zuma da citta har ta gaji, sannan ta matsa masa suka je asibiti a Kano. Likita ya ɗaga hoton ƙirjin, ya tambayi irin aikin da ya yi. Da ya ji amsa, likitan ya ce sunan audugar asbestos, takan kwanta a huhu shekara ashirin kafin ta nuna kanta, kuma ba ta fita.

"Likita, ai ban taɓa tsallake madarata ba ko sau ɗaya."

"Baba, madara ciki take zuwa. Ƙura kuwa huhu ta je."

Ramalan ya tashi ya fita. Sai a mota ya gaya wa Lubabatu cewa likitan nan bai san aikin kamfani ba.

Dattawan masallaci suka zauna. Kowa ya yarda a ba Manu ladancin, amma aka rasa wanda zai je ya gaya wa Ramalan. Liman ya ce shi ɗan ajinsa ne a makarantar allo, bai dace ba. Na'ibi ya ce shi surukinsa ne. Aka ga ya fi sauƙi a sayo lasifika da batirin mota.

Har yanzu Ramalan ne ladan. Sau biyar a rana ana jin tarinsa har bakin kasuwa.