Hitar da Na Yanke a Sharaɗa

A Kano, idan hitar mota ta fara yoyo, babu bakaniken da ke ɓata lokacinsa a kanta. Zai zare tiyo biyun da ke kai mata ruwan zafi daga inji, ya haɗa bakinsu da wani guntu, ya ɗaure, shi ke nan. Wa zai nemi ɗumi a garin da kujerar mota ke gasa mutum? Mu masu gyaran esi sanyi muke sayarwa, ba ruwanmu da zafi.

Haka na yi wa motar mutumina shekarun baya. Ɗan Filato ne, Kirista, yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, ni kuma rumfata tana bakin hanya a Sharaɗa. Ranar da ya fara zuwa, ruwa ne ke ɗiga a ƙasan kujerar gaba. Na yanke hitar, na ce masa, "Oga, ranar da ka ji sanyi a Kano, zo in ba ka bargona." Ya yi dariya har da dukan bonet.

Tun daga nan, kullum aka tashi aiki sai ya tsaya. Iyalina suna ƙauye a Jigawa, nasa suna can kan duwatsu, mu biyu gwaurayen dole ne. Ni ba mai yawan abokai ba ne. Bakina da kaifi, kuma mutane sun fi son sanyin esina a kan hirata. Shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da na jingina da darbejiya, mu raba gurasa, yana warin fata ina warin mai, ba mai ce wa wani matsa. Idan aka kira magariba, in bar kayan aikina a baje in tafi masallaci, shi ne mai gadi. Ban taɓa roƙonsa ba, shi ma bai taɓa cewa zai yi ba.

Wata rana da bazara sai ga shi da rana tsaka, lokacin da ya kamata a ce yana wurin aiki.

"Malam, esin nan ya daina sanyi," in ji shi. "Sannan ina so ka mayar mini da hita."

"Hita? Zazzaɓi kake yi?"

"A wajenmu da damina, in babu ita, gilashi rufewa yake yi, ba ka ganin hanya. Na ajiye aiki. Gwiwoyina sun gaji, matata ma ta gaji da jira. Ƙarshen wata zan koma gida."

Na ce Allah ya sanya alheri, na cusa kaina cikin bonet. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Esin ba wata matsala ba ce. Na ɗaura gejin auna gas, allurarsa ta kwanta, babu gas. Na zuba kaɗan, na bi mahaɗar fayif da kumfar sabulu, sai ga ta tana tsiro a kusa da kwamfuresa. Wani ɗan zoben roba ne ya bushe. Na canza shi, na cika gas, sanyi ya dawo tun kafin la'asar.

Hitar ce aiki. Wani ƙaramin lagireto ne da ke ɓoye can bayan dashbod, sai an kwance gaban motar gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Nasa ya ci tsatsa, sai da na je kasuwar Ƙofar Ruwa na samo wani. Da na buɗe fankar da ke hura iska, na tarar ɓera ya yi ɗaki a ciki har da shimfiɗa. Na wanke ta. Na wanke abin da ke bayanta. Na bi wayoyin da ba su yi mini komai ba, ina duba lafiyarsu. Shi kuwa kullum da yamma sai ya hawo adaidaita sahu ya zo duba motarsa, ya zauna a kujerarsa.

"Malam, mota kake gyarawa ko gida kake ginawa?"

"Sauri ya haifi nawa," na ce.

Ya dube ni, ya dubi motar da hanjinta a waje, ya gutsiri gurasa ya miƙo mini. Bai ƙara tambaya ba.

Amma noti yana ƙarewa. Ranar da na ɗaure na ƙarshe, na cire guntun tiyon nan da na sa da hannuna, na mayar da ruwa hanyarsa, muka shiga gwaji. Na rufe tagogi, na bar inji ya ɗauki zafi, na murɗa maɓalli zuwa ja. Iska mai ɗumi ta fara busowa a ƙafafunmu, a tsakiyar bazarar Kano. Gumi ya jiƙa mana riguna. Masu wucewa suna leƙenmu, mu kuwa ba wanda ya kai hannu ya kashe.

"Ta yi," in ji shi. Can ya ce, "Bargon nan dai har yau ba ka ba ni ba."

"Ai ba ka taɓa jin sanyi ba."

"Haka ne," ya ce. "Ban ji ba."

Na fita, na rufe masa ƙofa, ya ja motarsa. Na tsaya har motar ta shige tsakanin manyan motocin da ke layi a bakin kamfanoni.

Da aka kira magariba na miƙe na nufi masallaci kamar kullum. Na yi nisa kafin in tuna. Na dawo, na tattara geji da sifanu ɗaya bayan ɗaya, na zuba a akwati, na nemo kwaɗon da na daɗe ban taɓa ba, na sa masa mai kafin ya yarda ya kulle. Ko da na isa, liman ya sallame. Na koma gefe na yi tawa ni kaɗai.